Gyalen Kakanmu Ya Raka Goggo Varsenik

Da safiyar Talata, 11 ga watan Fabrairu, ina cikin murza kullun gurasa maƙwabciyata ta leƙo ta ce mini Goggo Varsenik Hovakimyan ta cika. Na zauna da gari a hannuna, na kasa ko wanke shi. Mai rai ya karɓi abinsa, kuma dukkanmu hanyar ke nan.

Goggo, mutanen garinmu Gyumri sun san ki da shugabancin ƙaramin gidan tarihin nan na bayan kasuwa, inda kika tara dardumomi, da tukwanen gishiri masu siffar mace, da kayan amaren da kakanninmu suka gudo da su daga garin Mush. Sun san ki da faɗa kuma, ba zan ɓoye wannan ba don kin rasu. In ɗan makaranta ya ɗora yatsa a gilashin da ke rufe kayan, har mahautan kasuwa sai sun ji muryarki. Ni kuwa, Shoghik 'yar Nvard, ta dalilin Kaka na san ki.

Kaka littafin Linjila ne na gidanmu, rubutun hannu a kan fata. Ba a taɓa ce masa littafi a gabanmu ba. Yana da kusurwarsa a ɗaki, ana kunna masa kyandir, marar lafiya ya zo ya sumbace shi, kuma duk Lahadin da ke bin bikin Ista a naɗa masa sabon gyale a kan tsofaffin. Tsofaffinmu sun yi imani cewa in ya bar gida, albarka za ta bi shi.

Girgizar ƙasar 1988 ta ci gidanmu, ta ci mahaifina. Inna da farcenta ta tono Kaka daga ƙarƙashin ɓaraguzai. Muka koma ɗakin ƙarfe irin wanda aka raba wa mutane, wanda bangonsa ke zufa duk hunturu. Ba a jima ba Kaka ya soma funfuna. Labari ya kai gare ki, sai ga ki babu sallama, kika sunkuya kika shinshina shi.

"Nvard, me kuka yi wa tsohon nan? Warin rumbun dankali yake yi!"

"Sha kofinki ki kama gabanki, Varsenik," in ji Inna. "Miji ya tafi, gida ya tafi, shi ma so kike ki kulle shi a gilashi baƙi su riƙa leƙensa?"

"To, riƙe abinki. Baɗi war haka sai ki naɗa wa kunu gyale."

Inna ta fashe da kuka, ke ma kika taya ta. Sannan kika ce ba kyauta kike roƙo ba, baƙunta zai zo, kuma duk ranarsa da hannunki za ki buɗe mata gilashin. Inna ta yarda, kika tafi da shi.

Kin cika alkawari fiye da shekara talatin. Kin busar da shi shafi bayan shafi, kin wanke gyalensa ɗaya bayan ɗaya kin mayar masa. Kowace shekara mu zo da sabon gyale, mu kunna kyandir a tsakar gida, domin a cikin ɗaki ko ashana ba kya bari a ƙyasta. Wani jami'i daga babban birni Yerevan ya taɓa tambayarki me tsummokara ke yi a jikin kayan tarihi. Kika ce masa a garinmu ba a tuɓe tsoho a gaban jama'a.

Abin da ba zan iya biyanki ba shi ne na hunturun da Inna ta kwanta ciwon ajali. Ta daina cin abinci, ta daina gane mu, ba abin da take faɗa sai "Ina Kaka?" Ba a fitar da kaya daga gidan tarihi sai da izinin ma'aikata, izinin kuwa sai an yi makonni, Inna ba ta da makonnin. Ban roƙe ki ba, domin na san aikinki ne zai tafi. Sai ga ki da rana tsaka, kina tafe kamar mai tsohon ciki, Kaka na ƙarƙashin rigar sanyinki. Kika ɗora mata shi a ƙirji. Ta buɗe ido, ta shafa shi.

"Ji yadda ka yi fes," ta ce. "Ashe gidan mutane ya karɓe ka."

"Ya karɓe shi mana," kika ce, "tunda ya rabu da dankalinki."

Inna ta yi dariya, dariyarta ta ƙarshe ke nan. Washegari da ƙafarki kika je kika gaya wa shugabanninki abin da kika yi, kika sha faɗan da kika sha, ba ki taɓa goranta mini ba.

A watan jiya na same ki a kwance, kin rame. Na ce zan roƙi sabuwar shugabar gidan tarihin ta bari a kawo miki Kaka. Kika harare ni.

"Shoghik, kin haukace? A wannan ƙanƙarar? Laima za ta shige shi."

"Amma kin kai wa Inna."

"Uwarki jikarsa ce. Ni mai masaukinsa ce kawai."

Na bar maganar don kada na ɗaga miki hankali, amma ban yarda ba, har yanzu ban yarda ba. Ranar jana'izarki na je gidan tarihin, aka buɗe mini gilashin, na kwance gyalen da Inna ta naɗa masa na ƙarshe. Shi na rufa miki a kafaɗa kafin a rufe akwatin gawarki. A gidanmu ba a yi wa baƙo haka, sai 'yar gida.

Ina miƙa ta'aziyyata ga ɗanki Paruyr da matarsa Astghik, da jikokinki, da abokan aikinki. Allah ya ba ku haƙuri, ya bar muku halinta, har da faɗan. Ke kuma Goggo, Ubangiji ya ji ƙanki, ya haskaka makwancinki, ya yafe miki kurakuranki, ya ba ki masauki irin wanda kika ba Kakanmu. In kin haɗu da Inna, ki gaya mata yana nan lafiya, kuma gyalensa na bana na riga na saya.