Kawu Ilu da Giyar Motarsa

Duk wanda ya taɓa ɗaukar Kawu Ilu a mota a garin nan na Makka ya san yatsan nan. Kana tuƙi, yana gefenka ya karkata kai yana sauraren inji, sai ya ɗaga yatsa: "Yanzu!" In motar ta canza giya a daidai lokacin, ya gyaɗa kai. In ta makara kuwa, ka sha tsaki, kai da motar da wanda ya sayar maka.

Ni ɗan ƙanwarsa ne, don haka na fi kowa shan tsakin. Shekara talatin yana jan mota mai giyar hannu, tun daga Kano, sai gwiwar hagu ta ƙi taka kuloci. Dole ya koma otomatik. Kwana biyu da sayenta ya same ni a unguwar Ka'akiyya, ransa a ɓace.

"Sani, abar nan ba ta da ladabi! Ina zaune a kujerar direba tana yanke shawara ba ta tambaye ni ba."

Na kai shi wurin wani Bayamale mai barmaja, irin masu jona kwamfuta su gyara ƙwaƙwalwar mota. Mutumin ya ce, "Ya Ammi, injiniyoyi ne suka tsara ta haka, ka ƙyale ta."

"Injiniyoyin sun taɓa hawa tudun Misfala da alhazai bakwai da jarkokin Zamzam?"

"A'a."

"To halas, magana ta ƙare. Sayar mini da wayar da kake jona kwamfutar da ita."

Dattijon da ko saƙon waya sai an karanta masa, sai ga shi da tsohuwar kwamfuta a cinya, tabarau biyu ɗaya kan ɗaya, yana sauya lambobi! Ranar gwajin farko giya ta biyu ta shigo da irin dukan da ya aika hularsa kujerar baya. Daga nan ta ƙi fita daga ta biyun. Muka shiga titin da aka huda ta cikin dutse tana ruri, ni ina salati.

"Kawu, za ta fashe!"

"Kai, yi shiru. Gyaran murya take."

A watannin nan ne ya daina zuwa karatun la'asar. Malam Haruna, limamin unguwarmu, ya tare shi a gaban jama'a: "Alhaji Ilu, lafiya muka daina ganinka?"

"Wallahi Malam, giya ce. Ta shiga raina. Tun safe ina kanta, na kasa bari."

Carbin Malam ya faɗi ƙasa. "Giya? A Makka?"

"Ai ba ni kaɗai ba ne, tare da Sani muke yi."

Jama'a, sati guda ina bin gidaje ina rantsuwa cewa giyar mota ake nufi!

Amma ranar Arfa ya rama dariyarmu. Mun sami aikin kai abinci ga wata tawagar alhazai, yawancinsu tsofaffi, tukwane shida na shinkafa, kuma dole ya isa kafin azahar. Kawu ya yi wa motar tsari na musamman don cunkoso: ta riƙe giyar ƙasa, ta daina hawa da sauka. Zafi ya yi zafi, hanya ta cushe, motocin abokan aikinmu biyu suka tafasa suka tsaya a gefe. Tasa tana ta jan ciki. Muka kwashe tukwanensu muka ɗora, abinci ya isa da ɗuminsa. Ya sauko yana shafa gemu: "A gaishe mini da injiniyoyi."

Sai dai a hayaniyar ranar kwamfutar ta ɓace cikin kayan girki. Kwana huɗu kafin a gano ta, motar tana tafiyar cunkoso a fili fetal. Da idona na ga wata tsohuwa 'yar Nijar, ana tura ta a keken guragu, ta wuce mu a gangaren Misfala tana ɗaga masa hannu. Kawu bai ko kalle ta ba. "Wannan ai gangara ce ta taimake ta."

Bayan rasuwarsa Goggo Rabi, matarsa, ta ba ni makulli in kai motar a wanke. Na shiga na dafe hulata. Na yi tafiya mai nisa ban ji canji ko ɗaya ba, laushi kamar ba ta da giya. Na dawo na tambaye ta.

Ta ce, "Tun da aka yi mini tiyata a gadon baya yake kan giyar nan. Duk zuwa asibiti sai ya saci kallon fuskata. In na yamutsa, ya dawo ya ɗauko kwamfuta. Bai bari ba sai ranar da na yi gyangyaɗi a hanya."

Bai taɓa gaya wa kowa ba. Allah, yadda ya sauƙaƙa mata hanya, Ka sauƙaƙa masa tasa. Ka jiƙan Kawu Ilu, Ka haskaka makwancinsa. Amin.