Ciwon Bayan Wasila Mai Man Gyaɗa

A Karakkai, duk mai neman man gyaɗa gidan Haliru yake zuwa, amma kowa ya san aikin na matarsa Wasila ne. Tun tana budurwa a Wonaka ta koyi sana'ar wurin gwaggonta, ta zo da ita gidan miji. Gajeruwar mace ce mai ƙarfin damtse, ba ta da yawan magana. Takan wuni duƙe kan turmi tana juya markaɗaɗɗiyar gyaɗa har mai ya taso.

Da kakar 1998, lokacin 'yarta ta huɗu, Ma'u, tana wata uku, Wasila ta sunkuya za ta ɗaga tukunyar mai, sai bayanta ya riƙe. Da rarrafe ta shiga ɗaki. Washegari Haliru ya dawo daga kasuwa da wasu ƙwayoyi ƙulle a takarda. Mai tallan magani ne ya ba shi, ya ce suna sakin jijiya.

Ciwon kuwa ya lafa. Sai dai kwana biyu da fara sha, jikinta ya mutu, tana zaune tana gyangyaɗi. Ma'u ma sai barci. In an sa ta a nono, ta ja sau biyu ta saki.

"Ɗiyar ga ta yi hankali," in ji Inna, mahaifiyar Haliru.

"Ba hankali ba ne, Inna," Wasila ta ce. "Nono ya cika har yana zuba, ba ta sha."

Haliru ya ɗauke su a babur zuwa wani ƙaramin asibiti a Bungudu. Can suka sami Ladi, dattijuwar ma'aikaciyar jinya. Ta duba numfashin jaririyar, ta buɗe idonta, sannan ta juye ƙwayoyin a tafin hannu.

"Ba suna, ba kwali, ban san ko wane iri ne ba," ta ce. "Amma masu kashe jiki da sa barci, wasunsu na bin nono su kai ga yaro. Malam, mai maganin ya san tana shayarwa?"

Haliru ya sunkuyar da kai. "Bai tambaya ba, ni ma ban faɗi ba."

"Yanzu sai in yaye ta?" Wasila ta tambaya.

"Haba, wane yaye? Maganin za ki bari."

Ladi ta riƙe su har la'asar tana lura da yarinyar, sai da ta ga ta farka ta kama nono sosai. Ta ba Wasila farasitamol, ta ce a riƙa gasa mata bayan da tsumma da ruwan zafi, in barcin Ma'u ya dawo su komo nan take.

Barcin bai dawo ba. Shi bayan ne ya ɗauki mako uku. Inna ke gasa shi safe da yamma, tana yi tana faɗa wai matan yanzu ba su san hutu ba. Wasila tana kwance tana jin masu sayen mai suna sallama suna komawa hannu wofi, abin na cin ta.

Da ta miƙe, Haliru ya girka mata turmin a kan dakali don ta daina duƙawa, ɗaukar tukunya kuma ta bar wa maƙwabciyarta Hafsatu, suka haɗa sana'a. Bayan nata bai taɓa komawa daidai ba, in aiki ya yi yawa yakan motsa, ta kwanta yini guda. Kafin damina ta zagayo, man su biyun har Tudun Wada a Gusau ake kai shi a jarka.