Rantsuwar Mai Zaɓen Fata

Maigidana mai zaɓen fata ne a siton wani Kwara, Balaraben Sham, a Fagge. Da ya shafa fatar akuya zai ce wannan ta ɗaya ce, wannan ta biyu, waccan a jefar. Da wannan sana'a muke ci muke sha, har na saba da warinta a rigarsa.

Da wasu kamfanoni suka fara zawarcinsa, sai Kwaran ya tsorata. Ya sa akawunsa, wani Kirista daga Sabon Gari, ya rubuta takarda cewa in Malam ya bar aiki, ba zai zaɓa wa kowa fata ba sai bayan shekara biyu. Yatsa kawai ake so ya dangwala.

Malam kuwa gani yake duk wanda ya dangwala yatsa, ƙafarsa ɗaya tana kurkuku. Aka yi ta ja. Kwaran ya rage zuwa shekara guda, Malam ya ce shi fa sam. Akawun ya ja shi gefe ya ce, “Malam, ka yi haƙuri ka sa hannu. Takarda tana da ranar ƙarewa.”

“Ni ba a ɗaure ni da tawada,” in ji Malam. Ya yi alwala, ya aika gida aka kai masa Alƙur'ani, ya dafa ya rantse ba zai zaɓa wa wani fata ba sai da izinin Kwaran. Bai ambaci wa'adi ba. Ya dawo yana ba ni labari da fara'a, wai ya yi musu wayo. Ni ma, Allah Ya sani, na taya shi murna.

Damina ba ta zagayo ba ciwo ya kama Kwaran. Aka rufe sito, aka tafi da shi ƙasarsu, can ya rasu. Wa za a nemi izini wurinsa?

Kamfanoni suka yi ta aike. Limamin unguwa ya ce ya yi kaffara ya koma aiki. Malam ya ce kaffara tsakaninsa da Allah ce, alkawarin da ya yi wa mamaci fa? Na yi lallashi, na yi kuka, na yi yaji, duk a banza. Ya koma tallan goro a bakin tasha, shi da ko ciniki bai iya ba. Har yau in na tuna zuciyata tafasa take, kuma ban san wa zan ji haushi ba.

Wata Babbar Sallah wani ɗan'uwana ya aiko mana da akuya. Bayan an feɗe na ɗauko fatar, don kada masu saye su cuce ni, na shimfiɗa a gabansa.

“Malam, ta ɗaya ce ko ta biyu?”

Ya daɗe yana kallonta, yatsunsa suna motsi a kan gwiwarsa. Sai ya tura hannun cikin aljihu.

“Ki ɗauke,” ya ce. “Ke ma ai wani ce.”