Maganar Bangon Abbare

Fenti ne sana'ata. Ina rubutu a bayan Keke Napep da ƙofofin shaguna, kuma karatuna bai wuce firamare ba. Akwai wata magana da direbobi suka sha sa ni rubutawa, har hannuna ya haddace ta: "Zauna ka ci tukuna, ma ji sunanka daga baya." A Jalingo ba sai an yi wa kowa bayaninta ba. Da ka faɗi sunanka an san yarenka, an san ko coci kake zuwa ko masallaci.

Shekarar da muka gama ginin ɗakin taro na unguwarmu a Abbare, Kirista da Musulmi kowa ya ɗauki bulo, dattawa suka ce wannan magana za a rubuta a bango. Sai sakataren kwamiti, wani saurayi ma'aikacin gwamnati, ya ce a sa sunan mai maganar a ƙasa, kamar yadda ake yi a littattafai.

Ni na fara miƙewa. Na ce maganar tsohon fastonmu ce, marigayi. Gaskiya ne na ji ta a bakinsa, amma sai na ƙara da cewa shi ya ƙago ta, har da rantsuwa. Ban sani ba. So kawai nake a ga sunan namu a bangon.

Maƙwabcina tela, Musulmi, wanda katanga ɗaya ta raba gidajenmu, ya ce, "Haba mai fenti! Wani malami ne a Mayo Gwoi ya faɗe ta wajen tafsiri, tun kana yawo ba wando."

Sakatare ya ɗaga wayarsa ya nuna mana hoton wani Bature mai gemu, ga maganar da Turanci a gefensa. Aka yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Na gaya wa tela cewa su komai mai kyau sai sun ce nasu ne. Taro ya watse. Kafin mako ya zagayo, wasu sun ce muddin sunan fasto ya hau bangon ba za su yi suna ko walima a ɗakin ba, namu kuma suka ce haka game da malam. Tela ya koma amsa gaisuwata da hannu.

Matata ba ta raga mini ba.

"Baban yara, kai da kullum sai na nemo maka burushinka, kai ne ka san wanda ya fara magana a duniya? Matar fasto tana nan da ranta. Je ka tambaye ta."

Na je, ina sa ran in dawo da shaida. Na tarar da Mama, matar faston, tana tsince wake a tire. Da ta ji abin da ya kawo ni sai ta ajiye tiren don dariya.

"Ɗana, Baba ya sha faɗa a kan bagadi cewa ba tasa ba ce. Ku ne kuke gyangyaɗi kafin wa'azi ya kai ƙarshe. Wata mai tuwo ce a Nukkai ta gaya masa, lokacin yana ɗalibi, yunwa tana neman kayar da shi."

Kunya ta rufe ni. Na yi tunanin in yi shiru, in ce Mama ta tsufa ba ta tuna komai. Na yini da wannan tunani, Allah ya gafarta mini. Washegari na shiga shagon tela, na tsaya har ya ɗaga ƙafa daga keken ɗinki.

Na ce, "Malam, na yi rantsuwa a kan abin da ban sani ba. Ba ta fasto ba ce. Ka raka ni Nukkai mu ji."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Wato yanzu ka yarda ta malam ce?"

"Ban ce ba."

"To tashi mu je, kafin ka sake rantsewa."

A cikin Keke, ana girgiza mu, ya ce shi ma bai taɓa ganin malamin ba, a bakin surukinsa ya ji. Muka yi ta tambaya a Nukkai, daga mai shayi zuwa masu wankin mota, har aka nuna mana gidan. Tsohuwa ce 'yar ƙabilar Mumuye, ta daina tuwo tuntuni, idonta ya yi rauni. Muna cikin gaisuwa ta sa jikarta ta kawo mana dafaffiyar doya da manja. Sai da muka wanke hannu sannan ta saurare mu.

Tela ya ce, "Kaka, wani malami daga Mayo Gwoi ya taɓa cin tuwonki?"

"Malamai nawa suka ci! Fastoci ma haka. Ina na san wane ne wane? Ban tambaya ba."

Na ce, "To ke kika fara faɗar maganar?"

Ta girgiza kai. Ta ce tana yarinya aka yi wani tashin hankali a ƙauyensu, ita da uwarta suka gudu cikin daji har suka faɗa wata ruga. Uwar ta fara bayanin ko su wane ne, don ta san za a tambaya. Sai wata Bafulatana ta tura musu ƙwaryar nono, ta katse ta da waɗannan kalmomi, da Fulatanci. Suka sha, suka huta, aka nuna musu hanya.

"Sunanta fa, Kaka?"

"Ai mu ma ba mu tambayi nata ba. Useko kawai muka ce, wato mun gode. Kuma wa ya sani, ƙila ita ma a wurin uwarta ta ji."

Da aka sake kiran taro, ni na nemi izinin magana. Na janye rantsuwata, na roƙi gafarar tela a gaban kowa, sannan shi ya ba da labarin tsohuwar, ya fi ni iya faɗa. Wani dattijo ya ce to ai Bafulatana Musulma ce, wani ya ce amma tsohuwar Kirista ce, bakinta ne ya kawo maganar gari. Sai mai unguwa ya ce duk wanda ya san sunan matar ya ɗaga hannu. Ba wanda ya ɗaga.

Abin da aka amince na rubuta a ƙasa da ƙananan baƙaƙe shi ne: "In ji wata mata a ruga, ba mu san sunanta ba."

Ranar rubutun tela ne ya riƙe mini tsani. Tun daga ƙasa yake ihu wai layin ya karkace zuwa hagu, ni kuwa na ce idonsa ne ya karkace saboda zura zare. Muna wannan musu sakatare ya iso yana tambaya ko fentin zai bushe kafin Asabar, don akwai suna da safe, akwai kuma liyafar baftisma da yamma, kujerun kuma ba za su isa ba sai an aro.