Maganin feshin tumatir da kwas ɗin Sista Asabe

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Kusan shekara arba'in ban ba da labarin nan ba, don ko tuna shi gajiyar da ni yake yi. Yau dai zan daure.

A shekarun tamanin ina noman rani a Kadawa, tumatir nake yi. Ni ke feshi da kaina, ba takalmi, ba abin rufe hanci. Da hannu nake dama maganin a bokiti.

Da ciwon kai abin ya fara. Sai zufa, sai yawu ya riƙa cika mini baki. In na miƙe, ƙafafuna su kama rawa.

Yayana Sule ya kai ni asibiti. Likitan matashi ne, bai daɗe da gama jami'a ba. Aka ɗebi jini, ya ce zazzaɓin cizon sauro ne. Allura, ƙwayoyi, gida.

Na ɗan ji dama, na koma feshi, na sake kwantawa. Sau biyu ana haka.

Karo na uku a bayan a-kori-kura aka kai ni, ina amai, numfashi yana yi mini wuya. Na gaji da layi, na gaji da warin asibiti, na gaji da jin "sannu". Na ce wa Yaya Sule, in ta Allah ta kasance, ya riƙe mini yarana.

Wata dattijuwar ma'aikaciyar jinya, Sista Asabe, ta zo sa mini ƙarin ruwa. Ba ta yi jami'a ba. Ta buɗe idona da yatsa, ta daɗe tana kallo.

"Malam, feshi kake yi?"

Na gyaɗa kai.

Ta juya wurin likita. "Dokta, dubi ƙwayar idonsa, ta tsuke kamar kan allura. Bara an tura mu kwas na kwana goma kan gubar maganin ƙwari. Haka aka nuna mana."

Ya ɓata rai. "Sista, kwana goma ne zai koya mini aiki?"

"A'a, Dokta. Ni na gane cutar, amma ban san adadin allurar ba. Kai ka sani."

Ya shiga ofis, ya fito da wani ƙaton littafi, ya yi lissafinsa a tsaye. Aka cire mini kaya, aka wanke ni da sabulu. Shi yana allura yana sauraren ƙirjina, ita tana goge mini baki, har la'asar.

Kwana goma sha ɗaya na yi a gadon. Tumatirin ya ruɓe a gona. Sai da na yi wata uku kafin na iya ɗaga fartanya.

Ranar sallama likitan ya ce mini, "Na karanta wannan a aji, amma ban taɓa ganinsa a jikin mutum ba." Daga baya na ji shi ma ya nemi a sa shi a kwas ɗin.

Ina ganin ma'aikatan lafiya suna ta musu a wannan dandalin, digiri ne gaba ko kwasa-kwasan ƙara sani. Ni ba ni da ƙarfin musu. Da ɗaya cikin Sista da likitan bai zo aiki ba ran nan, da tuni an manta inda kabarina yake.

Alhamdulillah. Allah ya jiƙan Sista Asabe. Likitan, in yana raye, Allah ya saka masa da alheri.

Mai digiri, in an kira kwas ka je. Mai kwas, ka san iyakarka. Manoma kuma ku rufe hanci, ku sa takalmi, ku yi wanka bayan feshi. In kun je asibiti, ku faɗi sana'arku tun ba a tambaye ku ba.