Uwaisu Mai Zane da Fuskar Ƙona-Rumbu

Wata ranar Talata ce a tsakiyar damina. Tun hantsi hadari ya haɗu ta gabas ya zo ya tsaya cak a kan Gusau, bai zuba ba, bai kuma watse ba. Iska ta ɗauke, mutane sai zufa suke yi suna kallon sama suna tsaki. A ranar ne Jatau mai tsire ya taso daga Tsafe a motar farko, ya yi ta tambaya a tasha har aka nuna masa rumfar Uwaisu mai zane, can bayan garejin manyan motoci.

Uwaisu na zaune a benci yana fere fensir da reza. Sai ganin wani jan mutum kakkaura ya yi ya shigo ba sallama, ya jefa masa ɗan littafi a ƙirji.

"Kai ka yi wanga abu?"

"Ni na yi. In saye za ka yi, ka tafi shagon Hafiza mai fotokwafi. Nan ba kasuwa ba ce."

"Saye? Dubi fuskata, tsoho. Dube ta da kyau, sannan ka buɗe shafin ƙarshe."

To, kafin a faɗi abin da Uwaisu ya gani, sai an san ko shi wane ne.

A Rawayya aka haife shi, ɗan Sule wanzami ne. Tun yana ƙarami shi ke ɗaukar wa uban zabira, su bi gida gida ranar suna. Uban ya yi wa jariri aski, ya cire belu, ya yi masa tsagar gidansu, Uwaisu na tsugune yana riƙe da ƙwarya yana kallo. Aska dai ta ƙi shi, da ya ga jini sai ya kau da kai. Amma a ba shi gawayi da bango, sai ya fitar maka da mutum kamar zai yi magana. Ya sha duka a kan haka, bai daina ba. Da ya kai shekara ashirin ya tattara ya zo Gusau, ya shiga zanen bayan manyan motoci, zaki da ɗawisu da ɗan dambe, ya yi shekara talatin da wani abu yana wannan aikin. Ba mutum ba ne mai daɗin zama. Bakinsa da kaifi, kuma bai taɓa yarda ya yi kuskure ba, ko da fenti ne ya ɗiga a inda bai kamata ba.

Ɗa namiji guda ɗaya Allah ya ba shi, Yazid, direba. Wata rana da la'asar ya ɗauko buhunan dawa daga 'Yankuzo, 'yan bindiga suka tare hanya suka harbe shi a kan sitiyari. Uwaisu bai yi kuka a gaban mutane ba. Bayan sadakar arba'in ya sayi takardu da baƙin biro, ya zauna a rumfarsa ya fara wani irin zane da ba a saba gani ba a garin: labari cikin hotuna, gida gida a kan shafi.

Labarin wani daji ne da ƙayarsa ta ƙarfe ce. A cikinsa akwai shugaban ɓarayi, Ƙona-Rumbu, wanda babur ɗinsa ke da fukafukan jemage, fetur yake sha a maimakon ruwa, in ya yi tari gari ya kama da wuta. Yana da manyan yara biyu, Ungulu da Kan-Gatari. Mai yaƙarsu wata tsohuwa ce, Inna Luba, da taɓaryarta, wadda in ta daka ƙasa sai ƙasa ta tsage ta haɗiye babura. Rubutu kaɗan ne a ciki, don ya san yawancin masu sayensa ba su yi boko ba, hoton suke karantawa. Hafiza ta buga, 'yan kamasho suka riƙa sayarwa a tasha. Kafin shekara ta zagayo, daga Bunguɗu har Tsafe ba motar da za ka shiga ba ka ga wani yana dubawa yana tsine wa Ƙona-Rumbu ba. Mutane sun gaji da tsoro, sun samu wanda za su zaga da babbar murya.

Littafi shida ya fitar, duk fuskar Ƙona-Rumbu a naɗe take da rawani, ido kawai ake gani. Direbobi suka sa shi gaba.

"Malam Uwaisu, ko dai tsoronsa kake ji?"

"Ko kuwa ka san shi ne, kake rufa masa asiri?"

Shi kuma maimakon ya ce musu almara ce, sai ya gyaɗa kai ya ce, "Ni dai na san abin da na sani." Daɗin maganar yake ji. Har ta bazu cewa tsohon nan yana da masu kawo masa labari daga daji. A littafi na bakwai Inna Luba ta fizge rawanin, fuskar ta fito, ta cika shafin ƙarshe gaba ɗaya.

Wannan shafin Uwaisu ya buɗe. Ya dubi takarda, ya dubi mutumin da ke tsaye a kansa. Hanci ba ɗaya ba, baki ba ɗaya ba. Amma a kuncin hagu, a takardar da kuma a fuskar mutumin, ga tsaga uku sun haɗu a ƙasa kamar sawun kaza, ga kuma wata 'yar gajeruwa a ƙarƙashin idon dama. Uwaisu ɗan wanzami ne, a wurinsa fuskar da ba tsaga ba ta gama zama fuska ba, hannunsa ke sakawa ba tare da ya yi shawara da shi ba. Sai dai wannan ba tsagar kowane gida ba ce.

"Kai ɗan wane ne?" in ji Uwaisu.

"Ɗan Binta ta gidan mahauta, a Rawayya. Ɗan wabi. Biyar sunka mutu kafin ni. Ubanka ya yi min wagga tsaga don in na koma na dawo a gane ni. To ga shi an gane ni."

Sai a lokacin ranar sunan ta dawo wa Uwaisu, shekara arba'in da takwas baya, da ƙwaryar a hannunsa.

Jatau bai zauna ba. A tsaye ya zayyana masa. Mako uku ke nan ba wanda ya tsaya a tukubarsa. An ce naman shanun sata yake gasawa, an ce shi ke kai wa mutanen daji rahoton motoci, shi ya sa mai zane ya tona shi cikin dabara. Yara na bin 'ya'yansa da jifa. Jiya an watsa masa ruwa a wuta. Kuma samarin da ke gadin unguwa sun ce in Juma'a ta yi bai bar gari ba, za su tafi da shi su yi masa tambayoyi. Kowa ya san ba duk wanda aka tafi da shi tambaya ke dawowa da ƙafarsa ba.

"Ka zo ka faɗa musu ba ka san komi ba," in ji Jatau. "Shi ke nan abin da ya kawo ni."

Uwaisu ya rufe littafin. Ya san in ya tsaya gaban jama'a ya ce bai san komai ba, littafin ya mutu, kuma ba shi da wani abin da yake rama jinin Yazid da shi sai wannan.

"Almara ce," ya ce. "Ka taɓa ganin babur mai fukafuki? In mutanen garinku jakai ne, laifina ne?"

"Babur ɗin ba wanda ya gani. Fuskata kowa ya gani."

"To ka naɗa rawani."

Jatau ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya tofar da miyau dab da ƙafarsa. "Ubanka ya tsaga ni don in rayu. Kai kuma ka zana ni don a kashe ni. Allah ya isa tsakanina da kai." Ya fita.

Laraba Uwaisu ya zauna zai fara littafi na takwas. Ya zana babur, ya zana daji, da ya zo kan fuska sai ya ajiye biro. Alhamis ya fito da littattafan bakwai ya baje a kan benci, yana bin fuskokin ɗaya bayan ɗaya da yatsa, har ya gane abin da ya yi tun daga na farko. Bai gaya wa kowa ba. Juma'a da safe ya zuba su a leda ya hau motar Tsafe.

Ya tarar an riga an taru a gindin wata bishiyar bedi a bakin titi. Mai unguwa na kan kujera, Jatau na zaune a ƙasa, rigarsa a yage ta kafaɗa. Shugaban samarin, wani dogo mai suna Sadiƙ, yana tsaye da gora a hannu. Da aka ce ga mai zanen nan da kansa, wuri ya ɗauki sowa, wasu har da tafi. Sun ɗauka ya zo ba da shaida ne.

Uwaisu ya gai da mai unguwa, ya juyo ya ce, "Ban san kowa a daji ba. Ban taɓa sani ba. Wanga mutum ban san shi ba sai ranar Talata. Tsagarsa ubana ya yi ta ina yaro, hannuna ya tuna, ni na manta."

Sowar ta mutu.

"Ƙarya kake, tsoho," in ji Sadiƙ. "An tsorata ka ne, ko an toshe maka baki. Duk fuskokin duniya sai tasa?"

"Ba tasa kaɗai ba. Akwai wanzami a garin ga? A kira shi."

Aka je aka zo da Baba Idris, tsoho tukuf, yana dogara sanda. Uwaisu ya miƙa masa littattafan ya ce ya karanta fuskokin da ƙarfi kowa ya ji. Tsohon ya kai takarda dab da idonsa.

"Wannan mai dogon wuyan, wa kunka ce sunansa?"

"Ungulu!" yara suka amsa.

"To Ungulu dai tsagar maƙera gare shi. Ga ta nan, ba ta ɓuya." Wani maƙeri a bayan taro ya ce, "Kai!" Tsohon ya juya shafi. "Wannan da ke riƙe da jarkar fetur, ta masaƙa ce. Wannan mai satar akuya, irin ta gidan mai unguwa ce, ranka ya daɗe, ka yi haƙuri, abin da na gani nake faɗi." Wasu suka fara dariya, suka haɗiye. Ya sake juyawa, ya ɗago ya nemi Sadiƙ da ido. "Kan-Gatari kuwa, ɗana, tsagar gidanku ce. Da hannuna na yi wa babanka ita. In za a tafi da Jatau tambaya, sai a biya a ɗauki babanka."

Ba wanda ya ƙara kallon Jatau. Duk ido ya koma kan Uwaisu.

"Wato duk mu ne ɓarayin?" in ji maƙerin, yana kutsowa gaba. "Shekara guda muna sayen takardarka muna zagin iyayenmu?"

"Kuma kana cewa ka san abin da ka sani!" wani direba ya ce. "Munafuki!"

Sadiƙ ne ya fara marinsa. Kafin mai unguwa ya miƙe ya tsawatar, an kai shi ƙasa, an fasa masa leɓe, haƙori ɗaya ya fita, hularsa ta shiga kwata. Aka tara littattafan, da nasa da waɗanda mutane suka zaro daga aljihu, aka cinna musu ashana a gefen titi. Mai unguwa ya sa shi ya yi alkawari gaban jama'a cewa ba zai ƙara fitar da ko shafi ɗaya ba. Ya yi. Sannan aka ce wa Jatau ya tashi ya koma sana'arsa, ba wanda zai taɓa shi. Ba wanda ya ba shi haƙuri.

Da Uwaisu ya lallaɓa zai tafi tasha, hanyarsa ta bi ta gaban tukubar. Jatau na durƙushe yana hura wuta, bai ɗago ba. Uwaisu ya tsaya, yana dafe da baki, yana neman abin da zai ce.

"Gusa daga nan," in ji Jatau. "Kana tare min masu saye."

Ko mutum ɗaya babu a wurin. Uwaisu ya gusa.

Labari ya riga shi isa Gusau. Direbobin da ke saya masa shayi suka daina amsa sallamarsa. Hafiza ta aiko masa da sauran takardunsa, ta ce kar ya ƙara taka mata shago, an yi barazanar fasa mata inji. Mai garejin ya ce yana bukatar rumfarsa. Jatau kuwa sai da aka yi wata biyu kafin ciniki ya fara dawo masa, har yau akwai masu tsallake tukubarsa su je ta gaba, amma yana nan a Tsafe da iyalinsa.

Uwaisu yanzu yana Bunguɗu, a gidan ƙanensa. Yana rubuta allunan shaguna da lambobin gidaje, haruffa da lamba kawai, ba ya karɓar aikin da ke da fuskar mutum.