Ranar da Na Koya wa Inji Hannun Dama

Ko tsufa zai kwashe mini duk abin da ke cikin kaina, na san ranar da na yi wa injin taubashina gyara ba tare da ya sa ni ba za ta rage. Shekaru sun ja, amma har yau in na tuna sai na yi dariya sannan na yi istigfari, wani lokacin ma istigfarin ke riga dariyar.

Taubashin nan nawa ɗan ƙanwar mahaifina ne, don haka a al'ada bawana ne, kuma tun muna yara ban taɓa barin ya manta ba. Yana da shago a nan Kontagora inda yake gyaran kayan sola, musamman akwatin nan da ke karɓar wuta daga faranti ya tura wa famfon rijiyar burtsatse. Ni kuwa tabarmata na shimfiɗe a gefen ƙofarsa, ina sayar da turare da littattafai, ina rubuta wa tsofaffi wasiƙa da ajami.

A cikin irin wannan akwatin akwai wasu 'yan abubuwa baƙaƙe masu ƙafa uku, ba su wuce kan yatsa ba, ana ce musu transista. Su ne ke yawan ƙonewa. Waɗanda ake kawo masa a leda kuwa gauraye suke, mai rai da matacce kamanninsu ɗaya, sai an ɗora wa kowanne mita kafin a gane. Yakan wuni a sunkuye yana gwaji har wuyansa ya ƙage. Da abin ya ishe shi sai ya ƙera inji. Ya ciro wani ɗan moto daga tsohuwar na'urar buga takarda, ya lanƙwasa kwanon rufi ya yi indararo. In ya zuba leda a sama, indararon sai ya riƙa karkarwa, transistocin na gangarowa ɗaya bayan ɗaya kamar 'yan layin awo. Kowanne ya iso, allurai uku su sauko su dafa ƙafafunsa, sannan wani ɗan marfi ya ture shi cikin ɗayan tiyo biyu da suka bi ta ƙarƙashin tebur suka faɗa cikin kwanuka biyu.

Gaskiya abin ya burge ni, amma taubashi ba ya yabon taubashi. Na zuba ido ina neman aibi, Allah kuma ya ba ni. Masu kyau hagu injin ke jefa su, matattu kuma dama.

Na ce, “Bawana, injin nan naka ba shi da tarbiyya. A ina ka taɓa ganin an ba abin kirki hagu?”

Ya ce, “Alaramma, ta nan tiyon ya fi kusa. Inji bai yi makarantar allo ba.”

“Mai injin ma da ya yi, gudu ya yi tun ba a je ko'ina ba.”

“Na gudu ne don na ga abin da ta mai da kai.”

Haka muka yi ta yi kusan wata guda. Kullum na ji ƙarar faɗawar mai kyau cikin kwanon hagu sai in ce a'uzubillahi da ƙarfi, shi kuma ya ƙara wa injin gudu.

Wata safiya cikin bazara ya tafi yi wa babur ɗinsa faci, ya bar mini shago. Kwanuka biyu duk babu komai a ciki. Na daɗe ina kallonsu. Ba zan ce Shaiɗan ne kaɗai ba, don ni ma na taimaka masa. Na durƙusa ƙarƙashin tebur, na zare tiyon nan biyu na gitta su, na hagu ya koma dama, na dama ya koma hagu. Daga sama ba a ganin komai. Don kada a ce na yi ha'inci, na ɗauko alƙalami da tawada na rubuta a takarda da ajami cewa na gyara, masu kyau yanzu suna dama, na liƙa a goshin injin. Niyyata in zauna in ga fuskarsa in ya karanta. Ina cikin jira aka aiko wani maƙwabcinmu ba shi da lafiya. Na bar wa telan da ke kusa da mu amanar shago na tafi dubiya, daga can na wuce azahar.

Da na dawo sai telan ya miƙo mini mabuɗi, ya ce injiniya, wato taubashina, ya tafi wata ruga a bayan Ibeto, famfonsu ya mutu kwana uku, Arɗonsu ya aiko a gaggauce. Na buɗe shago. Ashe ya zuba wa injin leda kafin ya tafi: kwanon dama cike, na hagu an kwashe shi tas. Takardata tana nan, har an bi ta da salatif an lulluɓe ta da kyau don kada ƙura ta taɓa ta. Mitarsa kuma tana rataye a ƙusa.

Na kira wayarsa sau uku, babu sabis. Na juye kwanon dama cikin aljihun rigata, na tsayar da ɗan acaɓa. Duk tsawon hanyar nan ba tuba nake shiryawa ba, dabara nake shiryawa: in isa, in ce ziyara na zo, in zuba masu kyau cikin jakarsa, in kwashe matattun, kowa ya tashi lafiya.

Na isa rugar. Shanu sun kewaye kwamin shan ruwa, babu ko ɗigo a ciki, wasu na lasar siminti. Mata zaune kan jarkoki. Taubashina yana durƙushe gindin farantan sola, gumi ya jiƙe masa riga, yana gasa ƙarfen narka dalma a garwashi. Sau biyu ke nan yana sauya transistoci, sau biyu akwatin na yin tas ya ƙone fiyus, kuma fiyus ɗaya ya rage masa. Arɗo, wani dattijo siriri mai farin gemu, yana tsaye da sandarsa a kafaɗa. Ya riga ya faɗa cewa in la'asar ta yi babu ruwa, dole su kora shanun zuwa rafi, hanyar rafin kuwa ta tsakiyar lambunan mutane ta bi. Duk wanda ya zauna a ƙasarmu ya san abin da hakan kan haifar.

Taubashina ya ɗago ya ce, “Alaramma, me ya kawo ka?”

Na ce, “Zumunci.”

Bai ma saurare ni ba. Ya juya yana ce wa Arɗo, “Baba, kayana masu kyau ne, injina ya gwada su ɗaya-ɗaya. Matsalar daga wani wuri take.” Na gaisa da jama'a, na zauna kusa da jakarsa kamar mai neman inuwa. Na sa hannu a aljihu na damƙo, na fara turawa cikin jakar a hankali. Na manta cewa mutumin da ke gane saniyarsa ɗaya cikin ɗari daga nesa ba a yi masa irin wannan a gabansa.

Arɗo ya ce, “Malam, hannunka me yake nema a jakar mutum?”

Na zaro hannu, transistoci suka zube a ƙasa. Babu sauran dabara, sai na faɗi komai, tun daga durƙuson ƙarƙashin tebur. Na ƙarasa da cewa ai na bar takarda.

Taubashina ya ce, “Wace takarda?”

“Wadda ka lulluɓe da salatif.”

Ya ce, “Na ɗauka addu'a ka rubuta wa injin. Har na ji daɗi na ce yau Alaramma ya sa mini albarka. Shi ya sa ma ban ɗauko mita ba.”

Wata tsohuwa ta fara dariya, sauran matan suka ɗauka. Arɗo bai yi dariya ba. Ya ce, “Malam, ni ma da dama nake ci. Amma ina da wata saniya da ba ta yarda a tatse ta sai ta hagu. Shekara shida muna tare, ban taɓa yi mata wa'azi ba.” Sannan ya nuna garwashi da sandarsa ya ce wutar injiniya ta fara mutuwa.

Haka na naɗe babbar rigata na durƙusa ina hura wuta da baki, toka na shiga mini gemu. Taubashina kuwa ya samu abin da yake nema tun muna yara. “Ubangida, hura da kyau. Ubangida, miƙo dalma. Da dama, don Allah.” Ya cire matattun, ya dasa waɗanda na kawo, ya sa fiyus ɗin ƙarshe. Kafin ya ɗaga makunni ya dube ni ya ce, “Yanzu kam yi addu'ar, ta gaske.” Na yi, kuma ban tuna ranar da na yi addu'a da zuciya ɗaya kamar wannan ba. Akwatin ya yi ƙugi a hankali, bututu ya yi tari sau biyu, ruwa ya zubo ja, sannan ya washe. Shanu suka danno har sai da muka ja da baya. Da ruwan muka yi alwalar la'asar, Arɗo kuma ya tura ni gaba in ja salla, ina jin kunya kamar ta kashe ni.

Abin da na koya a wannan ruga shi ne, aikin da mutum ya tsara da hannunsa akwai waɗanda suka dogara da shi da ba ka gani daga inda kake zaune. Ni tiyo biyu kawai na gani da fuskar taubashina, ban ga shanu ba, ban ga lambuna ba. Tun daga ranar, in na ga abin da bai yi mini ba a sana'ar wani, da baki nake faɗa masa, ido da ido, in tsaya har ya amsa. Hannuna kuwa ina barinsa cikin aljihu.